Wa Ke Sayar da Adireshinmu?

Tun da 'yan damfara suka yaudari yayanta Idirisu a unguwar New Bell da saƙon aikin bogi a tashar jirgin ruwa, Fauziya ta lashi takobin gano masu sayar musu da adireshin imel na mutane. Sai ta riƙa ba kowane kamfani adireshi daban. Duk wanda saƙon damfara ya biyo ta kansa, ta kama ɓarawonta.

Ta daɗe tana jira. Yau saƙon ya faɗo, ta adireshin da ta saka a kamfanin inshorar da take wa aiki a unguwar Bonapriso.

Ta shiga ofishin patron, wato shugaban kamfanin. "Ranka ya daɗe, wani a cikinmu yana sayar da bayanan abokan cinikinmu."

Ya dube ta ba ko mamaki. "Fayil ɗin da kike tura wa abokan hulɗarmu duk Juma'a, me kika ɗauka ne?"

Ya juyo mata da kwamfutarsa. "Duba da kyau. Sunanki ne a kan kowanne, babu nawa ko ɗaya. Koma kujerarki, Fauziya. Suna jiran na yau."