Duwatsun Malama Itto

Gajimare ya sauko ya lulluɓe tsaunin Atlas, har Malama Itto ta daina ganin ɗalibanta na baya. Dusar ƙanƙara ta fara zuba. Hagu da dama duk rami ne.

"Malama, mun ɓata ko?" in ji Tamu, ɗaya daga cikin ɗaliban.

"Ke dai akwai tsoro. Tun daga makaranta nake tara duwatsu a kowace kwana. Su za mu bi mu koma, mu tarar da shayi da zafinsa."

Ta duƙa tana laluben tarin da ta yi ɗazu. Babu shi.

Sai ga ɗalibinta Yidir ya ƙaraso da buhun shara. Yau shi aka ɗora wa bin baya, ya tabbatar da dokar makarantar: kada a bar wa tsauni alamar mutum ya wuce.

Yana haki, yana murmushi.

"Malama, yau sai kin yaba mini. Wasu marasa tarbiyya sun bi hanya suna tara duwatsu. Duk na watsar da su, ko ɗaya ban bari ba."