Takardar da Na Ɓare

Ina shekara tara wani Alhaji ya kawo tsohuwar motarsa garejin Baba a Makera, a zuba mata gas ɗin iyakwandishan. Suna sallar la'asar na ɓare wata takarda mai sheƙi a ƙarƙashin bonet, na manna a littafina. Ashe ita ke nuna an mayar da motar kan sabon gas. Baba bai gan ta ba, ya zuba tsohon. Kwamfaresar iyakwandishan ɗin ta yi ƙara, ta tsaya.

"Malam, yau ka fara aikin nan ne?" in ji Alhaji a gaban mutane.

Baba ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Alhaji."

Ina tsaye ina kallonsu. Kullum nakan ce gobe zan faɗa wa Baba, har Allah Ya karɓi ransa.