Inji Ɗaya Zuwa Mahe

Ƙararrawa ta yi kuka daidai lokacin da Barasa, mataimakin matuƙin jirgin sama, ya kai mandazi, wani irin fanke, baki. Man injin hagu yana tsiyaya, zafinsa yana hawa. Sun baro Nairobi za su Mumbai da mutum ɗari biyu da sha ɗaya, ƙarƙashinsu babu komai sai ruwa.

"Haɗiye lomarka," in ji Kyaftin Chebet, "ka karanto mana matakan."

Yana karantawa, tana aiwatarwa. Suka kashe injin, ta karkata jirgin zuwa tsibirin Mahe, tafiyar awa ɗaya da rabi.

"Kyaftin, na daman zai kai mu kuwa?"

"Har da ragowa. Na hagun dama raggo ne, kamar golan ƙungiyarku ta ƙwallo."

Barasa bai san sa'ad da dariya ta kuɓuce masa ba. Ta sanar da fasinjoji gaskiyar lamarin cikin sanyin murya, ta ƙara da cewa yau za su ga bakin teku kyauta. Duk tsawon hanyar tana tsokanarsa, idonta na kan allon inji.

Tayoyi suka taɓa ƙasa lafiya lau, tafi ya kaure a baya. Barasa ya kwance ɗamararsa ya miƙe.

"Wallahi Kyaftin, ke ba ki san tsoro ba!"

"Zauna, ƙanena," ta ce a hankali. "Bari kowa ya fita tukuna, sannan ka ɗaga ni. Ƙafafuna sun ƙi tashi."