Mai Bututun Roba da Ɗan Zoben Haske

Ajiye makullin motar nan, Malam Tasi'u, ka zauna. Tun ɗazu nake ganinka kana kai da kawo a bakin na'ura, so kake ka rubuta cewa robar da aka kawo awo lafiyarta ƙalau, ka samu ka tafi. Kafin ka sa hannu bari in ba ka misali.

An yi wani mai narka roba, mutum mai zafin nama wanda zama bai karɓe shi ba. Tsofaffin jarkoki da fasassun bokitai yake saye, ya niƙa, ya narka, ya fitar da bututun ban ruwa. Wata shekara manoman rani na ƙauyensu suka ce tunda ɗan gida ne, shi zai ja musu ruwa daga kogi zuwa gonakin tudu. Yayansa ne shugabansu. Mai robar ya yi alkawari ruwa zai iso kafin dashen tumatir. Lokaci ya ƙure, robar kirki ta yi wuya a kasuwa, sai ya shiga zuba duk abin da hannunsa ya kai gare shi, har da karyayyun kujeru. Bututu ya fito baƙi sumul. Ya bi ta kansa da mota, bai ko lotsa ba.

'Yar ƙanwarsa malamar kimiyya ce, aikinta irin namu. Ta yanki ɗan guntu ta tafi da shi ɗakin awo, bayan 'yan kwanaki ta kira shi ya zo ya gani. Ya zo, amma ya ƙi zama, waya na ta ƙara a aljihunsa. Ta yi masa bayani a tsaye. Ta ce roba zaruruwa ce dogaye waɗanda ido ba ya gani, a ninke hawa-hawa kamar tufafi a adaka. Don a san yadda ninkin ya kwanta, sai a harba siririn haske irin na hoton ƙashi ta cikin guntun. Mafi yawansa yakan wuce kai tsaye, wannan ba ya ba da labarin komai, tare shi ma ake yi da ɗan ƙarfe. Ɗan kaɗan ne yake karkacewa, karkata ƙanƙanuwa, ya faɗa kan faifai ya yi zobe. Ta nuna masa zoben roba mai kyau, fes da shi. Ta nuna masa nasa: ya dushe, ya ɗan matsa ciki, ga wani hazo manne da tsakiya.

"Kawu, roba iri biyu ce a ciki, kuma ba su kama juna ba," in ji ta. "Akwai 'yan kafofi tsakaninsu. In zafi ya zo, ga ƙarfin injin tura ruwa, daga nan zai fara tsagewa. Ka tsince robar, ka sake narkawa."

Ya kanne ido ya leƙa faifan. "A kan wannan ɗan hazon zan bar mutane su yi dashe babu ruwa? 'Yata, da mota fa na taka shi." Bai jira amsarta ba ya fice.

Aka haƙa, aka binne bututu, aka ta da inji, ruwa ya hau tudu. Duk lokacin sanyi babu abin da ya faru, har ya aika mata da kwandon tumatir ɗin fari, yana dariya. Ganin ruwa ya zauna, manoma suka faɗaɗa, wasu suka zuba irin albasa da barkono a filayen da ba a taɓa noman rani ba. Sai bazara ta kama. Wata safiya aka ga ƙasa ta jiƙe a inda babu shuka, can ƙarshen gonaki kuma ruwa ya koma ɗigo. Mai robar ya zo da gudu, ya tone, ya tarar da tsaga siririya a tsawon bututun. Ya naɗe da robar taya. Kafin ya wanke hannu aka kira shi gaba. Ya ɗaure nan, can ya ɓalle. Ya kwana biyu yana zarya tsakanin gari da ƙauye da sababbin guntaye, su ma daga tukunya ɗaya suka fito. Barkono yana fure ya zubar, albasa ta kwanta. Mata da maza suka koma ɗibar ruwa da jarka daga kogi, suna zaɓen kunyar da za su ceta, sauran kuwa suna kallonsu suna ƙonewa.

Yayansa ya same shi a cikin rami, laka har gwiwa, yana ja da wani tsagaggen bututu. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Fito haka nan. Ko ka ɗaure, babu sauran abin shayarwa a ɓangaren nan." Mutumin ya fito ya zauna a kan kunya. Da damina ta wuce ya tone bututun gaba ɗaya da hannunsa, ya kawo sabo mai kyau, amma manoman suka yi godiya suka ce sun riga sun yi magana da wani.

To, koma ka sake duba hazon da ke jikin naka zoben, ko da zai kai ka la'asar. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.