Sandar Baba da Gaton Kaltumi

Kaltumi ta ɗaga wuƙa za ta yanka gato, wato kek ɗin murnar gama karatun aikin gona, sai sandar mahaifinta ta sauka a kansa. Gato ya tarwatse a ƙasa, har da jajayen furannin da ta soka masa da hannunta.

Malamanta suka zuba musu ido.

"Ku yi haƙuri, jiri ya ɗebe ni," in ji tsohon, makiyayi daga Takanamat.

Ta ja shi waje tana kuka. "Baba, ƙalau kake! Kunyata ni ka zo yi a garin Tawa?"

Ya rage murya. "Furen kariya ne, ɗiyata, tsiro mai guba. Bara ya kashe mini awaki uku. Gara su ce ubanki baƙauye ne, da su ce ba ki san tsirrai ba."