Manomin da Ya Ƙona Ɓawon Ɗorawa

An yi wani manomi da ya gaji gona mai itatuwan ɗorawa, a ƙauyen da masu gawayi suka riga suka sare na kowa. Tun zamanin mahaifinsa, idan bazara ta yi aka sauke ɗorawa, sai a ɓare ta, a tankaɗe garin don kunu, a ware kalwa don daddawa. Ɓawon kuwa a tara shi a bakin gona, duk macen da ke so ta ɗiba. Sukan jiƙa shi a randa har ruwan ya yi ja ya yi bauri, wannan ruwa shi ake kira makuba. Da ita ake yayyafa wa daɓe ya yi tauri, da ita ake kwaɓa ƙasar yaɓe don ruwan sama ya zame a jikin bango. Baurin nan da ke hana a ci ɓawon, shi ne ƙarfinsa. Amma da gonar ta zo hannun mutumin nan, ya duba ya ga kalwa tana da masaya, gari yana da masaya, ɓawo kuwa babu mai taya shi. Ya ce abin da kasuwa ba ta sani ba shara ne. Duk da haka zuciyarsa ba ta jure ganin mata suna fita da kwanduna daga gonarsa kyauta ba, har ya riƙa cewa ai kalwa suke leƙe. Sai ya tara ɓawon tsibi guda ya cinna masa wuta. Goggonsa, tsohuwar da ta goya shi, ta iso da kwandonta ta tarar da hayaƙi. Ta ce, “Ɗan nan, ɗorawa ta ba ka abinci ta ba ka riga, ka ci abincin ka ƙona rigar?” Ya yi dariya ya ce ta ɗebi toka, ya bar mata. Ta juya da kwandonta babu komai.

Yana da rumbun ƙasa, kuma a cikinsa dawar da iyalinsa za su ci har kaka take. Da hadari ya fara haɗuwa, ya kira magini ya sabunta yaɓen rumbun. Magini ya nemi makuba, aka zaga gida gida ba a samu ko ƙwarya ɗaya ba, domin babu wata ɗorawa a garin sai tasa. Manomin ya ce a kwaɓa da ruwan rijiya, ai ƙasa ƙasa ce. Aka yaɓa, ya bushe, ya yi kyau a ido. Da marka ta sauka, ruwa ya riƙa cin yaɓen kaɗan kaɗan, yana gangarowa ja kamar kunun kanwa, har bango ya jiƙe ya tsage. Ranar da aka buɗe rumbun, dawar sama ta tsiro, ta ƙasa ta yi fumfuna, ko akuya ta ƙi ta. Mutumin da ya hana ɓawo ya koma ƙwadago a gonakin mutane don abin da za a ɗora a murhu, ciyawa tana cinye tasa gonar. Abin takaicin kuwa, ba shi kaɗai ya sha ba. Matarsa da ’ya’yansa, waɗanda ba su kunna ashana ba, su suka riƙa kwana da yunwa. Ɗakin goggonsa ma, da bai sami makuba ba, ya zube ta gabas a wannan damina, ta ƙarasa tsufanta a ɗakin aro.

Rowa da raini ne suka haɗu a zuciya ɗaya, kuma Hausawa sun riga sun faɗa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.