Mai Sauraro Ɗaya a Gwangwan

Ranar wata Talata, bayan azahar, Badaru yana gindin darbejiyar tashar Ƙaraye yana kaɗa jitarsa, wani dattijo ya zo ya tsaya a kansa.

Badaru ba ya waƙa. Kiɗa kawai yake yi. Ya ɗauko salon garaya da na gurmi, ya gauraya da wani kiɗa mai jan rai na baƙar fatar Amurka da ya koya a waya. Duk inda ya zauna mutane kan taru, su ɗan jira, sai wani ya ce, "To, ina waƙar?" In ya ce babu, su watse. Abin da yake ɗauka ya ɗora a intanet kuwa, ƙarar babura ta fi kiɗan fitowa.

Yayansa Abdulmumini ya samo masa gurbi a wani shagon kayan waya a Kano. "Kafin a yanke gero nake son amsa," in ji shi. "Mai shagon ba zai zauna jiranka ba." Tun daga nan Badaru ya kasa zama wuri ɗaya. Ya rataye jitar, ya sauko da ita, ya sake ratayewa. A ransa ya yanke cewa in ya samu ko mutum ɗaya da zai saurare shi har ƙarshe bai nemi waƙa ba, zai tsaya. In bai samu ba, sai Kano.

Dattijon bai motsa ba har kiɗan ya ƙare. Ya ce sunansa Bappa, daga Gwangwan ta ƙasar Rogo.

"Ɗana, kana iya yini kana wannan abu?"

"Har in manta da abinci ma, Bappa."

"Kullum?"

"Kullum."

"To ina da wuri. Ba babur, ba mai sa maka baki. Ci da kwana duk a kaina. Yarana sun tafi birni, zaurena ba kowa."

Badaru ya bi shi. Wurin wani falalen dutse ne mai tudu a tsakiyar gonar Bappa. Gero ya kewaye shi ta ko'ina, ya fitar da kai, ya fara yin ƙwaya. Badaru ya hau, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya ji sautin ya tafi har bakin gona bai ci karo da komai ba. Sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Bappa yana da tsarinsa. Da gari ya waye yake tashin Badaru, su fita tun raɓa ba ta bushe ba. In rana ta take ya ce a huta. Da la'asar a koma, har rana ta yi ja. Badaru yana kiɗa, Bappa yana zaune a ƙasan dutsen, ya ɗaga kai sama, idonsa na bin sararin samaniya. Badaru bai taɓa ganin wanda kiɗa ya ɗauke haka ba.

Har zaɓi Bappa yake da shi. In Badaru ya shiga mai sanyin nan da ya fi so, sai ya ji daga ƙasa, "A'a, ɗana, wannan barci zai sa mu. Buga mai zafin nan, ka ƙara masa ƙarfi." Badaru ya yi dariya ya buga. Yatsunsa suka yi kanta, suka fashe, suka sake yin wata.

Abdulmumini ya yi ta kira. Badaru ya yi ta kallon wayar har ta katse. Barci ya ƙi zama a idonsa. Mutum ɗaya ne fa, kuma tsoho. Ya isa a bar shago a kansa?

Wata safiya tsirkiya ta tsinke. Babu irinta a Rogo, babu a Ƙaraye, sai da ya shiga Kano ya kwana. Da ya dawo ya tarar da Bappa a kan dutsen shi kaɗai, ya yi zuru-zuru, muryarsa ta dishe ƙwarai.

"Kada ka sake yi mini haka, ɗana," in ji shi da ƙyar. "Jiya na san ba ka nan."

A ranar Badaru ya kira yayansa.

"Yaya, ka ba mai shagon haƙuri. Ba zan zo ba."

"Ka haukace ne? Wa ya zuga ka?"

"Na samu wanda yake ji."

Abdulmumini ya ja tsaki ya kashe. Kafin mako ya zagayo aka ba wani gurbin.

Badaru ya duƙufa haɗa sabon kiɗa, mai zafi daga farko har ƙarshe, wanda zai sa wa sunan Bappa. Bai bari ya ji shi duka ba, yana so sai ya kammala. Ya kammala shi ranar da aka gama yankan gero. Da la'asar ya saɓa jita ya nufi dutsen, sai ya tarar da Bappa a bakin gona tare da maƙwabcinsa Shitu, ana loda dammuna a amalanke.

"Ina kuma za ka, ɗana?" in ji Bappa. "Ai an gama. Allah ya yi maka albarka." Ya juya ga Shitu. "Ka gan shi nan. Ba ya gajiya, ba ya guduwa wurin wasa kamar yara. Baɗi ka yi masa magana da wuri."

"Baɗi ta yi nisa," in ji Shitu. "Ni dawata ce yanzu a gaba. Malam, ko gobe za ka fara?"

Bappa ya sa aka sauke dami biyu a gaban Badaru, ladan da ake ba mai tsaron tsuntsu. A daminar nan tsuntsun jan-baki ya yi wa gonakin yankin ɓarna, amma bai sauka a gonar Bappa ba.